Yaronmu da ƙwallon taɓarya

  Shekara uku ke nan ana tare mu da tambaya guda, wani a ƙofar masallaci, wani a rumfarmu ta Bodija: "Malam, wai ina kuke zuwa duk Asabar kai da yaron nan da doguwar jaka?" Wasu don su sani suke tambaya. Wasu kuma mun gane nasiha ce suka yi wa lulluɓi, don a ganinsu bai kamata mai jan salla ya riƙa zama a bakin filin wasa ba. Mun ga gara mu amsa sau ɗaya a rubuce, domin maganar ta shafi duk wanda yake da yaro a unguwar nan.

Sunan wasan besbol. A Amurka ya fi ƙarfi, sai irin su Japan da Kuba. Mahaifiyar yaron ce ta raɗa masa ƙwallon taɓarya ranar da ta fara ganin sandar da ake dukan ƙwallon da ita, sunan kuwa ya bi layinmu. Kowane ɓangare mutum tara ne. Filin yana da tasha huɗu, ta huɗun ana ce mata gida, kuma a nan mai duka yake tsayawa da sandarsa. Mai jifa yana tsakiya, ya wurgo ƙwallo da iyakar ƙarfinsa. In mai duka ya same ta, sai ya yar da sanda ya ruga tasha ta farko kafin a tsinto ƙwallon a jefa wa mai gadin tashar. Wanda ya zagaye tashoshin ya dawo gida, ya ci wa ɓangarensa maki ɗaya. Wanda ya kai duka sau uku bai samu ba, ya fita. Wanda aka cafe ƙwallonsa a sama kafin ta taɓa ƙasa, shi ma ya fita. Da zarar mutum uku sun fita sai a yi musanya, masu duka su koma tsaro. Manya zubi tara suke yi, yara ƙanana shida. Ƙwallon ba ta wuce girman lemon zaƙi ba, farar fata ce da ɗinkin jan zare, amma taurinta kamar dutse. Shi ya sa masu tsaro suke sa wata babbar safar hannu ta fata, mai duka kuma ya sa hular kwano.

Yaronmu na huɗu ne a ɗakinsu, yana da shekara 11 lokacin da ya fara. Wani malamin motsa jiki a makarantarsu ta boko, Bayarabe, wanda ya koyi wasan a Ilori, shi yake tara yara a filin makarantar ranar Asabar. Ya ga yaron yana jifan mangwaro da hagu, sai ya kira shi. Ashe a wannan wasa bahago mai jifa abin nema ne, don yawancin masu duka sun saba da jifan dama. Hannun da muke hana shi cin tuwo da shi, shi ne kocin yake riritawa kamar ƙwai.

Da yaron ya zo da maganar, hanya biyu ce a gabanmu wadda muka saba da ita a Sabo. Ko uba ya ce a'a, ya rufe magana, yaro ya riƙa sulalewa a ɓoye. Ko kuma ya ce je ka, ya miƙa masa kuɗin mota, daga nan bai sake sanin inda yake zuwa ba, da wa yake zuwa, wa yake ba shi ruwa in ya ji ƙishi. Duka biyun mun ga ƙarshensu a 'ya'yan maƙwabta da suke bin ƙwallon ƙafa a wajen Adamasingba. Sai muka ce masa za mu je mu gani da idonmu tukuna. Mun je da niyyar zuwa ɗaya. Abin da muka gani ya sa muka fahimci cewa in dai za mu bar shi ya yi, to zuwan namu ba na rana ɗaya ba ne.

Yara kusan talatin ne a filin, shi kaɗai ne Bahaushe. A ƙarƙashin wata bishiya akwai benci biyu, iyaye suna zaune, yawancinsu mata, da kuloli da robobin ruwa. Kowane yaro in ya doki ƙwallo akwai muryar da take kiran sunansa. Namu da ya yi jifa mai kyau, sai ya waiwayo wajen bencin nan. Mun daɗe muna tunanin waiwayen nan. Da ba mu je ba, wa zai gani?

Mun gindaya sharaɗi uku, a gaban kocin muka faɗe su. Salla a kan lokacinta. Hadda ba za ta ragu ba. Sakamakon boko in ya yi ƙasa, an ajiye sanda har sai ya dawo. Kocin ya ce, "Alfa, na yarda, amma ni ma ina da nawa sharaɗin. Kada a fashe mini atisaye ba dalili." Muka yi musabaha a kan haka.

Maganar hadda ita ce ta fi wuya, don Islamiyyarsu da safiyar Asabar take zama. Muka je muka sami malaminsu, muka roƙi a mayar da yaron ajin yamma a wannan ranar. Abin da ya rage kuma muka ɗauka a kanmu: bayan Asuba, kafin gari ya waye, ya biya mana shafinsa. In bai kawo ba, ba fita. Sau biyu ko uku ne aka yi haka a shekarar farko, ya zauna a gida yana kuka, jakar tana jingine a bakin ƙofa. Daga nan bai sake ba.

Salla kuwa, a nan muka gano wani abu game da wasan. Ba shi da agogo. Ƙwallon ƙafa an san minti 90 ne, a tashi. Wannan sai an fitar da mutum uku kafin a juya, don haka wasan da aka fara da hantsi yana iya kai mutum har Azahar ta yi nisa. Yaro ɗan shekara 11 ba zai iya ɗaga hannu a gaban koci da alƙalin wasa ya ce a dakata zai yi salla ba. Kunya ba za ta bar shi ba. Amma uba yana iya faɗa. Muka riƙa zuwa da buta da tabarma, in an zo musanya mu yafito shi. Ba a yi wata guda ba sai ga yaran Yarbawa Musulmi biyar sun biyo sahu, da iyayen biyu daga cikinsu. Yanzu kocin, wanda Kirista ne, shi da kansa yake duba agogonsa ya ce a sha ruwa, Alfa zai ja salla. Da azumi ya zo, shi ya mayar da atisayen yamma lis, ya rage gudu.

Kada wani ya ɗauka abin kyauta ne. Asabar babbar ranar ciniki ce a Bodija, masu sayen wake da gero na sati a ranar suke zuwa. Barin rumfa daga safe zuwa Azahar a hannun yaron shago asara ce da muke gani a littafi duk wata. Akwai kwastomar da ta koma rumfar gaba don ta zo sau biyu ba ta same mu ba, har yau ba ta dawo ba. Kayan wasan kuma ba a samun su a kanti kamar takalmin ƙwallo. Safar hannun ma ta bahago daban take, a hannun dama ake sa ta. Wata huɗu muna cigiya wajen masu gwanjo kafin wani ya tsinto mana guda a cikin dila, igiyarta ta tsinke. Wani dukawa a nan Sabo ya sake ɗinke ta da jan kilago, har kocin yana tambaya a ina aka yi aikin, ya kawo nasu guda shida aka gyara.

Mahaifiyarsa ba ta taɓa zuwa filin ba, amma rabin ɗawainiyar tata ce. Farin wando ake sawa, kuma yaran da ciki ko da gefe suke zamewa su taɓa tasha. Kun san jar ƙasar Badun. Duk Asabar da yamma tana bakin famfo tana faɗa da wandon nan, tana cewa, "Malam, wanda ya zaɓa wa wasan nan farin kaya bai taɓa wanki ba." Ita take tashi ta dafa abin da za mu tafi da shi, kuma tun da ta ji akwai yaran da suke zuwa ba karin kumallo, kular ta ƙara girma.

Zaman bencin nan ya koya mana abin da ba mu zata ba. Tun 1916 aka kafa Sabo, kakanninmu a nan aka binne su, muna jin Yarbanci kamar Hausa. Duk da haka in ka duba, mu'amalarmu da mutanen gari ba ta wuce ciniki ba. Bayan abin da ya faru a kasuwar Shasha a watan Fabrairun 2021, da yawanmu mun ƙara janye 'ya'yanmu cikin unguwa, kuma ba wanda zai ga laifinmu. A makonnin farko a bencin, gaisuwa ce kawai tsakaninmu da sauran iyaye. Yaran ma "Mola" suke ce wa namu. Ranar da ya fitar da masu duka uku a jere, wata mata da ɗanta yake tsugune a bayan mai duka yana cafe jifansa ta miƙe tana ihu da sunansa na yanka. Yau matar nan in ba mu sami zuwa da wuri ba, ita take ajiye masa ruwa. Mijinta ya zo ta'aziyya har cikin Sabo lokacin da yayarmu ta rasu. Ba mu ce wasa yana maganin rikicin ƙabilanci ba. Abin da muka sani shi ne yanzu akwai gida takwas ko tara a cikin garin nan da in wani abu ya tashi yaron yana waje, za su buɗe masa ƙofa.

Akwai kuma lafiyar yaron, wadda sai wanda yake wurin zai lura da ita. Jifan nan yana cin kafaɗa da gwiwar hannu, musamman ga yaron da ƙashinsa bai gama ƙwari ba. A dokar gasar yara ta Amurka, ɗan shekara 11 ko 12 ba ya wuce jifa 85 a rana, kuma in ya kai 66 sai ya huta kwana huɗu kafin ya sake jifa a wasa. Kocin ne ya gaya mana, ya ce hannunsa ɗaya ba zai iya lura da komai ba. Sai muka karɓi aikin ƙirga. Da carbi muke yi, har iyaye suna dariya. Wata rana ana kunnen doki, yaron ya cika adadinsa, ya ce, "Baba, saura mutum ɗaya, ka bari in ƙarasa." Muka ɗaga wa kocin carbin, ya cire shi. An ci su a ranar. Bai yi mana magana a mota ba har muka sauka a Mokola. Hannunsa dai lafiya lau har yau.

Jarrabawa mafi girma ta zo a shekara ta uku. Aka ce za a tafi Ilori wasan yara 'yan ƙasa da shekara 13. Ilori nan ne ake ji da wasan, suna da filinsa na musamman a Adewole, yaran sun daɗe suna mafarkin taka shi. Yaronmu a lokacin ya wuce 13 da wata huɗu. Takardar haihuwarsa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa tana nan, kwanan wata a rubuce. Sai wani mutum, ba kocin ba, ɗaya daga masu kai da kawo a harkar, ya ja mu gefe. Ya ce, "Alhaji, wannan ba matsala ba ce. A ajiye waccan takardar, a je a yi takardar rantsuwa a rage masa shekara guda. Kowa haka yake yi. Yaron nan shi ne ƙarfin tawagar, kada ka tauye shi a kan wata huɗu."

Maganar tana da daɗin ji, kuma yaron yana tsaye ba nisa, ya ji komai. Amma takardar rantsuwa sunanta rantsuwa. Uba ne zai sa hannu ya ce ranar kaza aka haifi ɗansa, alhali ya san ranar da ya yanka ragon suna. Kuma gurbin da zai shiga na wani yaro ne ɗan shekara 12 na gaskiya, wanda za a bari a gida. Muka ce wa mutumin mun gode, ba za mu yi ba.

Wannan ciwo ba a Najeriya kaɗai yake ba, kuma yana da tsada. A Amurka akwai gasar duniya ta yara da ake yi duk watan Agusta a garin Williamsport. A 2011 yaran Uganda suka ci gurbin zuwa, karo na farko ga wata ƙasar Afirka, amma aka hana su biza saboda takardun shekarunsu ba su dace da juna ba. Yara sun yi gumi sun ci, takarda ta kayar da su. Sai a 2012 wata tawagar daga garin Lugazi ta je ta buga. A ƙwallon ƙafa ma kun sani, tun gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17 da aka yi a nan ƙasar a 2009 ake ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu don gane shekaru. Ƙarya a takarda tana bin yaro har girmansa: ta shiga katin ɗan ƙasa, ta shiga fasfo, ta ci karo da takardar makaranta, ranar da ba a zata ba ta tashi.

Duk wannan bayani bai shiga kunnen yaron ba a lokacin. Kwana uku daga gaisuwa ba ya ƙara komai. Ya gaya wa mahaifiyarsa cewa Baba ya fi son mutane su ce shi mai gaskiya ne a kan ya ga ɗansa ya ci gaba. Maganar ta yi mana zafi. Ba mu yi masa faɗa ba. Muka je muka roƙi kocin ya tafi da shi a matsayin mai taimako, mu za mu biya kuɗin motarsa da namu. Muka rufe rumfa kwana biyu, muka bi su ta Oyo da Ogbomosho. Ya ɗauki ruwa, ya ɗumama wa masu jifa hannu, ya zauna a benci da kayan gida yana kallon abokansa a filin da ya yi shekara biyu yana ambato. An fitar da su a wasa na biyu. A hanyar dawowa ya ce, "Baba, da ni na yi jifa da mun ci." Muka ce masa mai yiwuwa gaskiyarka ne. Ba mu da wata amsa da ta fi wannan.

Yanzu yana rukunin manya, 'yan ƙasa da 16, kuma yawancin lokaci a benci yake, don akwai waɗanda suka fi shi ƙarfi. Wasunsu ma, Allah ya ba mu haƙuri, har da gemu. Bai daina zuwa ba, mu ma ba mu daina ba. Uban da yake zuwa ranar da ɗansa yake tauraro kaɗai, kallo ya je yi. Ranar da yaro yake zaune ba a sa shi ba, ranar ce ya fi bukatar ya ga wani nasa a ƙarƙashin bishiya.

Masu tambaya ko akwai kuɗi a ciki, gaskiya ita ce kada kowa ya sa rai. Najeriya ta taɓa zuwa ta biyu a wasannin Afirka, a Johannesburg a 1999 da Abuja a 2003, duka biyun a bayan Afirka ta Kudu, amma wasan bai zama sana'ar da take ciyar da gida a nan ba. Sai a 2017 aka sami ɗan Afirka na farko da ya buga a babbar gasar Amurka, Gift Ngoepe na Afirka ta Kudu, a ƙungiyar Pittsburgh Pirates. Shi ma a wani ɗan ɗaki na jikin filin wasa ya tashi, inda mahaifiyarsa take aiki. A lokacin, mutum ɗaya ke nan a nahiya guda bayan shekaru masu yawa. Mun faɗa wa yaronmu wannan ƙarara, kuma ranar Lahadi yana rumfa yana koyon awo.

Ribar da muka gani daban ce. A wasan nan gwanin gwanaye, in ya tsaya duka sau goma, sau uku yake dacewa, bakwai ya koma ya zauna. Yaron da ya saba da haka ya koyi abin da ɗan kasuwa yake shekara ashirin bai gama koya ba: a faɗi, a kakkaɓe riga, a jira zubi na gaba. Yaron da a da in an ci shi a langa sai ya yi dambe, yanzu shi yake bin layi yana miƙa wa waɗanda suka ci su hannu. Yana kwana da wuri don ya tashi da wuri. Mun san inda yake ranar Asabar, mun san abokansa da iyayensu. A zamanin da ƙwaya take yawo a lungunanmu, wannan kaɗai ya biya mana kuɗin waken da muka rasa.

Don haka ga roƙonmu ga iyaye maza na Sabo, da na Ojoo da Shasha da duk inda mujallar nan take kaiwa. Ba muna cewa kowa ya kai ɗansa ƙwallon taɓarya ba. Wani ƙwallon ƙafa ɗansa yake so, wani dambe, wani gudu. Ko wanne ne, a je a gani. A san kocin, a san gidansa, a karɓi lambarsa. A faɗi sharaɗi a gabansa tun ranar farko. Wanda ba zai iya barin kasuwa duk sati ba, ya je sau ɗaya a wata, ko iyaye uku su haɗu su riƙa karɓa-karɓa. A yi wa kowane jariri takardar haihuwa tun yana cikin zanen goyo, a adana ta, kuma kada a bari wani ya taɓa kwanan watan da yake jiki, ko da me ya zo. Masu hali a cikinmu kuma, in kun ga yaro mai himma ba shi da takalmi, ku tuna sadaka ba a ƙofar masallaci kaɗai take ba.

Wanda yake son ya ga yadda wasan yake, ya same mu bayan sallar Asuba ranar Asabar mu tafi tare. Ya zo da hula mai faɗi, don inuwar bishiyar ba ta isar kowa. Allah ya shirya mana zuriya, ya tsare su a inda muke gani da inda ba ma gani, ya zaunar da garinmu lafiya. Amin.